Wuƙar Gyaran Bishiya: Ƙirarta, Aikinta Da Dalilin Adana Ta

Duk wanda ya san tarihin Katsina ya san Gajere, takobin nan da ake dangantawa da Sarki Korau, wanda har gobe yana cikin kayan sarautar garin. Ita ma Ƙofar Kaura, wadda matafiyi ke bi idan ya nufi Kano, sunanta na fagen fama ne, domin kuwa Kaura shi ne jagoran mayaƙan Katsina a zamanin da. Ke nan ƙarfen yaƙi ya sami masu adana shi da masu ba da labarinsa. Akwai kuwa wani ƙarfen mai kaifi da bai sami wannan gata ba, alhali yawancin mangwaro mai aure da lemon zaƙin da ake kasawa a bakin titin wannan ƙofa sai da suka bi ta bakinsa kafin su zama bishiya. Wannan ƙarfe shi ne 'yar wuƙar da mai lambu ke rage rassa da ita, yake kuma aurar da itatuwa. Idan ta tsufa, makomarta buhun 'yan gwangwan, a ɗora ta a sikeli tare da ruɓaɓɓen kwano.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai karatu dalilin da ya sa aka ƙera wannan wuƙa yadda aka ƙera ta, da kuma abin da ya sa ta cancanci a tara ire-irenta a adana. Amsar tambaya ta farko ba a maƙera take ba, tana cikin jikin bishiya, saboda haka daga can za mu fara.

Abin da ke ƙarƙashin ɓawo

Idan ka ɓare ɗanyen reshen darbejiya ko na mangwaro da damina, za ka ji wani santsi mai danshi tsakanin ɓawon da itacen. A wannan wuri ne ake samun wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta da masana ke kira kambiyam. Kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, amma shi ne mahaifar bishiya. Ƙwayoyinsa suna rarrabuwa ba dare ba rana. Waɗanda suka faɗa ta ciki su ne ke zama itace, wato bututun da ke ɗauko ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa ganye. Waɗanda suka faɗa ta waje kuwa su ne ke zama ɓawon ciki, wanda ke sauko da sukarin da ganye ya haɗa zuwa gangar jiki da saiwa. Wannan shi ne sirrin abin da manoma suka daɗe da sani, cewa idan aka kewaye gindin bishiya da sara aka ɗaye ɓawon, to an kashe ta ko da ba a kayar da ita ba. Ruwa zai ci gaba da hawa na ɗan lokaci, ganye ya yi ta kore kamar ba abin da ya faru, amma saiwa tana can yunwa na cinta, har ranar da za ta gaza.

Wani abu kuma da ya kamata a fahimta shi ne, bishiya ba ta warkewa irin warkewar ɗan Adam. Idan mutum ya yanke, sabuwar tsoka da fata suna maye gurbin waɗanda suka lalace. Itacen da aka ji wa rauni kuwa ya lalace ke nan har abada. Abin da bishiya ke yi shi ne ta killace ɓarnar, ta toshe bututun da ke kusa da raunin da ƙaro da wasu sinadarai masu hana ruɓa, sannan kambiyam da ke bakin raunin ya fara fitar da wani kumburarren nama wanda zai yi ta rarrafowa shekara bayan shekara har ya rufe wurin. Masanin da ya fi kowa bayyana wannan al'amari shi ne Alex Shigo na hukumar gandun daji ta Amurka, wanda ya tsaga dubban bishiyoyi a tsaye da zarto don ya ga yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu, ya kuma fitar da bayaninsa a 1977.

To a nan ne kaifi ya shigo. Wuƙa mai kaifi tana raba ƙwayoyin halitta, ta bar na bakin yanka da ransu, su kama aikin rufewa nan take. Dakusasshiyar adda kuwa murƙushewa take yi. Tana farfasa itacen, ta ɗaye ɓawo ya yi ƙasa da inda aka sara, ta bar tsage-tsage inda ruwan sama zai kwanta, dangin fumfuna su sami masauki, gara kuma ta biyo bayansu. Mai karatu ya dubi darbejiyoyin da ke gefen titunan birni, musamman waɗanda aka sassare don kada su taɓa wayar lantarki. Zai ga dungulmin rassa baƙi ƙirin, wasu sun zama kogo. Irin wannan bishiya ce iskar farkon damina ke karyawa a kan rumfa ko mota, mutane su ce tsautsayi ne, alhali an shuka tsautsayin tun shekara biyar ko goma da suka wuce.

Wurin yankan ma yana da ƙa'ida. A gindin kowane reshe, inda ya haɗu da gangar bishiya, akwai ɗan kumburi kamar wuyan riga. A cikin wannan kumburi ne garkuwar bishiya ta fi ƙarfi. Daidai bayansa ake yanka. Wanda ya aske reshen tas da jikin gangar ya cire garkuwar, wanda kuma ya bar dogon dungu ya bar abin da bishiyar ba za ta iya rufewa ba. Binciken Shigo da abokan aikinsa ya kuma nuna cewa shafa fenti ko kwalta a kan rauni ba ya hana ruɓa, wani lokaci ma danshi yake tsarewa a ciki. Baƙin man inji da wasu ke shafawa ya fi waɗannan muni, domin yana ƙona kambiyam ɗin da ake jira ya rufe wurin.

Sai kuma tambayar da ɗalibai kan yi: don me bishiya ke ƙara cika idan an datse kanta? Tohon da ke ƙololuwar reshe yana haɗa wani sinadari mai suna oksin, wanda ke gangarowa ƙasa yana danne idanun da ke barci a hammatar kowane ganye. Frits Went ne ya fara tatso wannan sinadari a ƙasar Holan a 1926, sannan a 1933 Kenneth Thimann da Folke Skoog suka nuna cewa idan aka cire kan tsiro aka ɗora oksin a wurin, idanun ƙasa za su ci gaba da barcinsu kamar ba a cire komai ba. Matar da ke karya kan zogalen bayan ɗakinta don ya yi rassa ta sami na kwaɗo, da mai gonar lalle da ke yanke shi ya sake tofowa, duk da wannan doka suke aiki.

Me ya sa bakinta ya lanƙwashe?

Wuƙar rage rassa ta gargajiya tana da baki mai lanƙwasa kamar bakin shaho, kaifin kuma yana ta cikin lanƙwasar. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan siffa, domin lauje ke nan aka ƙanƙanta. Hikimar ita ce, miƙaƙƙiyar wuƙa tana tura reshe gaba, ya sulluɓe ya gudu. Mai lanƙwasa kuwa tana ƙwaƙume shi, duk yadda ka ja sai ƙara shigewa yake cikin kaifin. Bugu da ƙari, yankan da aka yi da ja, kaifi na zamewa a jikin itace, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda aka yi da dannawa, kamar yadda kowane mahauci ya sani. Shi ya sa ƙotar irin wannan wuƙa take da kauri da ɗan gantsarewa a ƙarshe, don kada ta kuɓuce wa hannu mai gumi yayin ja. Iyakarta dai reshen da bai wuce kaurin babban yatsa ba. Abin da ya fi haka aikin zarto ne, shi ma sai an fara tsagawa ta ƙasa kafin a yanko ta sama, don kada nauyin reshen ya ɗaye ɓawo.

Siffar tsohuwa ce ƙwarai. Columella, marubucin aikin gona na daular Rum a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana wuƙar gyaran inabi ta zamaninsa, ya kasa bakinta kashi shida, kowane da aikinsa. Almakashin rage rassa da ake gani yanzu ɗan bana-bakwai ne idan aka gwada shi da ita, domin a Faransa aka ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 19, kuma tsofaffin masu lambu na can sun daɗe suna ƙyamarsa bisa hujjar cewa yana matse ɓawo. Ba su yi ƙarya ba, ko da yake almakashin ya ci kasuwa saboda sauri.

Wuƙar aure dabam take. Bakinta miƙaƙƙe ne, gajere, kuma gefe ɗaya kawai ake wasawa, ɗayan gefen a bar shi a shafe. Dalili kuwa shi ne, wuƙar da aka wasa gefe biyu tana yawo a cikin itace, ta bar yanka mai tudu da kwari, ita kuwa mai gefe ɗaya tana tafiya sak kamar abin fere katako na kafinta. Wannan ya sa akwai ta na-dama, akwai ta bahago, kuma bahagon da ya sayi ta na-dama zai yi ta zargin hannunsa a banza. Wasu suna da wani ɗan harshe marar kaifi a ƙarshen ƙota, na ƙashi ko tagulla, wanda ake ɗaga ɓawo da shi idan za a cusa ido guda, kamar yadda ake yi wa lemo.

Bari mu tsaya kaɗan a kan auren, domin a nan ne rayuwar dashe ta rataya ga kaifi. A wannan maƙala za mu kira dashen da ke da saiwa uwa, guntun reshen da aka ɗauko daga bishiya mai kyawun 'ya'ya kuma amarya. Mai lambu yana feƙe gindin amarya ta gefe biyu, tsawon santimita uku zuwa huɗu, ya tsaga kan uwa, ya cusa, ya ɗaure da leda. Abin da ake nema shi ne kambiyam na uwa ya haɗu da na amarya, ko da ta gefe ɗaya ne. Idan sun haɗu, kowane zai fitar da naman rufe rauni, naman biyu su cakuɗe, sabon kambiyam ya ratsa tsakani, bututun ruwa su sadu. Cikin mako biyu zuwa huɗu sai ka ga ido ya kumbura ya tofo. Idan kuwa yankan yana da tudu da kwari, iska za ta shiga tsakani, amarya ta bushe kafin uwa ta kai mata ruwa. Ƙwararre sau ɗaya yake jan wuƙa a kowane gefe. Mai koyo da ke ta fiƙe-fiƙe kamar yana gyara alƙalami, kowane ja tudu yake ƙarawa. A ƙasa irin ta Katsina, inda hunturu ke busar da wanki kafin a gama shanya, tazarar da ke tsakanin yanka da ɗauri ma abin lura ce, shi ya sa auren ya fi kamawa a lokacin da iska ke da laima.

Ribar wannan wahala a bayyane take. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai ko fiye kafin ya yi 'ya'ya, mai aure kuwa uku zuwa huɗu. Sannan yawancin manyan irin da suka samo asali daga Indiya da Fulorida, kamar Alphonso da Kent da Keitt, ƙwallonsu ba ya maimaita uwarsa. Ka shuka ƙwallon Kent, ka jira shekara bakwai, ka sami abin da ba Kent ba. Hanyar tabbas ita ce aure. Haka aka yi wa magarya. A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, Farfesa Dov Pasternak da abokan aikinsa sun yaɗa auren manyan irin magaryar Indiya a kan magaryarmu ta daji, aka sami 'ya'ya masu girman ƙaramin ƙwai waɗanda ake kira tuffar Sahel. Saiwar tamu ce, mai jure fari, daɗin kuma na baƙuwa.

Sai dai wuƙar da ke haɗa aure ita ce kuma ke raba cuta. Akwai wata cutar lemo mai sa ɓawon gindi ya yi ta tsagewa yana ɓarewa, bishiyar ta tsumbure. Abin da ke kawo ta ya fi ƙwayar bairus ƙanƙanta, kuma an tabbatar tana bin bakin wuƙa daga bishiya zuwa bishiya. Maganin abin shi ne a tsoma wuƙar cikin ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin tara na ruwa, kafin a koma wata bishiyar, sannan a ɗauraye a goge, domin bilic yana cin ƙarfe. A ganina wannan ɗabi'a guda, da za ta zauna a hannun masu renon dashe, ta fi wani sabon iri da za a kawo musu amfani.

Daga Maraɗi

Wanda ke ganin rage rassa ƙaramin al'amari ne, ya dubi abin da ya faru a maƙwabtanmu, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Katsina ta hanyar Jibiya. A farkon shekarun 1980 gonakin Jihar Maraɗi sun zama fili fetal, dashen da ake rabawa kuma yawancinsa mutuwa yake. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin da manoma ke sassabewa duk shekara tohon tsofaffin kututture ne, masu saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Shawarar da ya kawo ba ta buƙatar leda ko ban ruwa. Manomi zai zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, ya cire sauran, ya rage rassan gefe zuwa rabin tsawo. Sunan da aka ba wannan dabara shi ne sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa dubban manoma suka gwada ta, kuma bayan shekara ashirin da ɗoriya, masu binciken da suka gwama hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa bishiyoyi kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, ga gawo, ga kalgo, ga sabara, ga aduwa. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne umarnin da ake nanata wa manoman: kayan aiki ya zama mai kaifi, kuma a yanko daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya ɗaye. Da lauje da adda da gatarin maƙeran ƙauye aka yi wannan aiki. A wajenmu an kashe kuɗi mai yawa a kan dashe, tun daga shirin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 1987, kuma shirin ya bar abin nunawa. Amma kulawar da ake ba dashe ranar da aka sa shi a rami ta fi wadda ake ba shi a shekara ta uku, lokacin da yake buƙatar wanda zai daidaita masa rassa. Haka nan gawon da makiyayi ya ƙundume da rani don dabbobinsa yakan yi jinkirin komawa ga ba da 'ya'ya yadda ya saba, alhali da an rage wani sashe an bar wani, da an ci ganye an kuma ci kwaso.

Ƙarfen kansa

Baƙin ƙarfe zalla ba ya riƙe kaifi. Abin da ke mai da shi ƙarfen wuƙa shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa, wajen kashi 0.6 zuwa 1 cikin ɗari. Idan maƙeri ya zuga shi ya yi ja, ya tsoma cikin ruwa ko mai farat ɗaya, kabon ɗin ba ya samun sukunin fita, sai ya maƙale a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, ƙarfen ya yi tauri har ya iya karyewa kamar tangaran. Daga nan sai a sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, har fuskarsa ta yi launin kara busasshe, a rage masa gautsi. Maƙeran baƙi na ƙasar Hausa ba su da ma'aunin zafi, da ido suke karanta launi a gaban zugazugi, da gawayin ƙirya idan an samu, kuma wanda ya ƙware ba ya kuskure. Tun da aka daina narka tama, abin ƙirarsu ya koma tsofaffin ƙarafa, kamar yadda Philip Jaggar ya nuna a littafinsa na 1994 a kan maƙeran birnin Kano. Ba kowane tsohon ƙarfe ne ke yin wuƙa ba. Sifirin mota da tsohon magagari suna da kabon isasshe. Rodin gini kuwa, irin wanda kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina ya fara fitarwa a farkon shekarun 1980, kabon ɗinsa kaɗan ne, ko an tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi kaifin aure ba. Mai saye ya goga magagari a bakin wuƙar. Idan ya ci ta cikin sauƙi, ta yi laushi. Idan ya zame yana ƙara, an ba ta ruwa yadda ya kamata.

Ƙarfe marar tsatsa kuma Harry Brearley ne ya gano shi a Shafil ta Ingila a 1913, ta hanyar ƙara sinadarin kuromiyam kimanin kashi 13 cikin ɗari. Yana da ranarsa, musamman ga wanda zai riƙa tsoma wuƙa a bilic. Duk da haka masu aurar da itatuwa da yawa sun fi son baƙin ƙarfe mai kabon, domin ya fi saurin ɗaukar kaifi a kan dutse. Ruwan jikin mangwaro zai mai da shi baƙi-baƙi, wannan kuwa ba aibi ba ne, wani rufi ne da ke rage masa jan tsatsa.

Wuƙar aljihu mai naɗewa kayan fatauci ce a wurinmu. Garuruwa uku ne suka yi fice da ita a Turai: Shafil a Ingila, Solingen a Jamus, da Tiyer a Faransa. A Shafil, gidan Saynor ya shahara da wuƙaƙen lambu masu ƙotar ƙahon barewa. A Faransa Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa mai ƙotar katako a 1890, a 1955 kuma aka ƙara mata zoben da ke kulle bakin, har yau kuwa kamfanin yana yin mai bakin shaho. Akwai kuma waɗanda aka yi su musamman don kasuwar ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Okapi an fara yin ta a Solingen a 1902, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Douk-Douk kuma gidan Cognet na Tiyer ke yin ta tun 1929, ta bazu a ƙasashen renon Faransa. Waɗannan biyun ba don lambu aka yi su ba, amma ƙarfensu mai kabon ne, siriri, mai sauƙin washi. A yau da yawa daga masu renon dashe da reza suke aure, wasu da askar wanzami. Askar ta fi, domin reza tana lanƙwashewa a itace mai tauri, ga kuma yankan yatsa.

Tarawa da adanawa

A Turai da Amurka akwai masu tara waɗannan wuƙaƙe kamar yadda wasu ke tara kan sarki. A wurinmu wuƙa a aljihu ta yi baƙin jini saboda ta'asar kauraye, don haka mai hankali zai ajiye tasa cikin jakar kayan aiki, ya fito da ita a lambu. Amma dalilin tarawa a nan ya fi sha'awa nauyi. Laujen da maƙerin wani ƙauye ya ƙera shekara sittin da suka wuce shaida ne a kan irin ƙarfen da ake samu a lokacin, da irin amfanin da ake girba, da yadda hannun mutanen wurin ya saba riƙo. Idan ya shiga tukunyar narka ƙarfe, shaidar ta tafi, kuma ba a rubuta ta ko'ina ba. Gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, da sassan nazarin halittu da aikin gona na jami'o'inmu, su ne suka fi dacewa da wannan aiki, amma malamin makarantar sakandare mai akwati ɗaya ma yana iya farawa daga unguwarsu.

Abu mafi muhimmanci ga mai tarawa shi ne takarda. Wuƙar da aka san garin da aka ƙera ta, da aikin da aka yi da ita, da sunan da masu ita ke kiranta, ta fi goma da ba a san asalinsu ba. A tambayi tsohon da ya bayar da ita tun yana da rai, a rubuta, a ɗaura mata lamba. Ita kanta wuƙar tana magana ga mai lura. Gefen da ya fi cinyewa yana nuna ko mai ita bahago ne. Bakin da ya sirance ya zama kamar tsinke yana nuna shekarun washi. Ƙotar da aka sauya da icen ƙirya ko aka naɗe da fata aikin dukawa tana nuna cewa mai ita ya ga darajarta har ya kai ta gyara, kuma irin wannan, a wurina, ta fi sabuwa fil da ba ta taɓa shan ruwan itace ba.

Ga wuƙaƙen waje, hatimin da ke gindin baki yana taimakawa wajen sanin shekaru. Dokar Ingila ta 1887 ce ta tilasta rubuta ƙasar da aka yi kaya a kan hajar da ke shiga can, dokar harajin Amurka ta 1890 kuma ta sa maƙeran Shafil suka fara ƙara sunan Ingila a hatiminsu. Saboda haka wuƙar Shafil mai ɗauke da sunan ƙasar galibi bayan 1890 aka yi ta. Wadda aka rubuta wa Jamus ta Yamma kuwa tsakanin 1949 da 1990 ta fito. A yi hattara da jabu, domin sunayen da suka yi fice duk an kwaikwaye su, kuma hatimin jabu yakan zama marar zurfi, haruffansa a cakuɗe. Tsofaffin wuƙaƙen aure na Ingila wasu ƙotarsu ta hauren giwa ce. An haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, don haka wanda ya gaji irin wannan ya adana abinsa, kada ya ce zai tsallaka iyaka da ita don sayarwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kai tsohuwar wuƙa wurin mai injin washi don ta yi ƙyalli. Injin yana share hatimi, yana cinye siffar bakin, zafinsa kuma yana kashe ruwan da maƙeri ya ba ƙarfen, ka ga bakin ya yi shuɗi, daga nan ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Jan tsatsa kawai ake cirewa, da ɗan mai da tsumma ko lallausan buroshi, a bar baƙin yadda yake. Wadda ake aiki da ita a wasa ta da hannu a kan dutse mai laushi da ruwa, a kwantar da bakin wajen digiri 15 zuwa 20, a ƙarasa a kan fata kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Man keken ɗinki ya fi man gyaɗa wajen shafawa, domin man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo a mahaɗar wuƙa mai naɗewa. Ƙotar katako ko ƙaho tana son ɗan man kaɗanya kafin hunturu, kada ta tsage. Kada kuma a bar wuƙa cikin kubenta na fata tsawon damina, saboda fata tana shan laima, sinadaran jima kuma suna cin ƙarfe. A zare ta, a shafe, a naɗe a takarda, a ajiye kuben a gefenta da lamba iri ɗaya.